Cocin da ya biyo layin dogo: Yadda 'yan Baftis suka iso ƙasar Tsafe da Gusau

Idan aka tambayi ɗalibin sakandare a Tsafe tarihin garinsu, da wuya ya rasa abin faɗi. Zai kawo 'Yandoto, tsohuwar cibiyar malamai wadda sunanta ya kai nesa tun kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Zai kawo sarautar 'Yandoton Tsafe, ya kawo Malam Sambo Ɗan Ashafa da kafuwar Gusau, wataƙila ya ƙara da dutsen Kwatarkwashi. Amma a tambaye shi su wane ne suka fara yin sujadar Lahadi a wannan yanki, daga ina suka fito, kuma me ya kawo su, sai ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne, domin ba a koyar da wannan a aji, ba kuma a cika yin hirarsa a dandali ba.

Alhali kuwa mutanen da ke cika waɗannan ƙananan coci-coci ba baƙi ba ne a wurinmu. A cikinsu akwai abokan karatunmu, da malaman da suka koya mana lissafi, da ma'aikatan jinya, da makanikai, da masu shagon magani. Wasunsu a nan aka haifi iyayensu, a nan aka binne kakanninsu, Hausar bakinsu kuma ba ta da maraba da tamu. Tarihin zamansu yana cikin kawunan tsofaffi da tsofaffin rajistoci, ga shi tsofaffin suna ƙarewa, rashin tsaro kuma yana tarwatsa iyalai. Abin da ba a rubuta ba yau, gobe sai dai a yi ta gardama a kansa.

Mun ɗauki ɗarikar Baftis ne saboda labarinta a Arewa ya saɓa da abin da aka saba ji. Yawancinmu idan aka ce coci, sai mu hango Bature ɗan mishan da farar hula da keke. A garuruwan layin dogo irin namu, fatake da teloli da ma'aikatan jirgi ne suka zo da wannan ɗarika, a cikin kayansu.

Su wane ne 'yan Baftis?

Sunan ya samo asali ne daga baftisma, wato nutsar da mutum cikin ruwa a matsayin shaidar shigarsa addinin Kirista. 'Yan Baftis ba sa yi wa jariri baftisma. Sai mutum ya yi hankali, ya furta da bakinsa cewa ya ba da gaskiya, sannan a nutsar da shi ɗungurungum. Abu na biyu da ya bambanta su shi ne kowace ikkilisiya, wato jama'ar coci guda, ita ke mulkin kanta. Ba su da bishop ɗin da zai turo fasto ko ya ɗauke shi. 'Yan cocin ne ke zama su zaɓi fastonsu, su yanke albashinsa, su kaɗa ƙuri'a kan gini da kashe kuɗi. Wannan tsari shi ne mabuɗin fahimtar duk abin da zai biyo baya.

Ɗarikar ta faro ne a 1609 a birnin Amsterdam na ƙasar Holan, a tsakanin wasu Turawan Ingila da suka guje wa takurawar cocin gwamnatin ƙasarsu, ƙarƙashin John Smyth da Thomas Helwys. Helwys ya koma Landan, ya kafa cocin Baftis na farko a Ingila, kuma a 1612 ya fitar da littafi ya aika wa Sarki James na Ɗaya. A ciki ya nuna cewa sarki ba shi da hurumi a kan abin da ke tsakanin mutum da Ubangijinsa, don haka bai kamata a hukunta kowa saboda addininsa ba, har ya ambaci Yahudawa da Musulmi a cikin waɗanda suka cancanci wannan 'yanci. Sakamakonsa shi ne kurkuku, kuma a can ya mutu. Fiye da shekara 400 ke nan da wani Kirista ya rasa 'yancinsa a kan maganar da ta haɗa da kare haƙƙin Musulmi.

Tarihin nasu yana da tabo shi ma. Ƙungiyar da ta turo 'yan mishan zuwa Najeriya, wato ta 'yan Baftis na Kudancin Amurka, an kafa ta ne a 1845 bayan ta rabu da 'yan uwanta na Arewacin ƙasar a kan batun bauta, domin ita ta tsaya a kan cewa mai bayi zai iya zama ɗan mishan. Sai a 1995 ta fito fili ta nemi gafara a kan wannan.

Baturen da ya nufo ƙasar Hausa bai iso ba

A 1850 wani Ba'amurke mai suna Thomas Jefferson Bowen ya sauka a Badagry. Burinsa shi ne ya ratsa can cikin ƙasa, yankin da Turawan lokacin ke kira Sudan, inda ƙasar Hausa take. Yaƙe-yaƙen ƙasar Yarbawa suka tsare shi a Abekuta, daga nan ya zauna a Ijaye, sannan a 1855 ya isa Ogbomosho. Ya je Ilori yana neman izinin zama, Sarkin Ilori bai amince ba. Nan tafiyarsa ta Arewa ta tsaya. Ya koma gida bai taɓa ganin Kano ko Sakkwato ba, amma ya bar tushe a Ogbomosho, garin da daga baya ya zama cibiyar 'yan Baftis a Najeriya, inda aka kafa babbar makarantarsu ta horar da fastoci a 1898.

Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya katse kuɗi da ma'aikata, har aka yi shekaru babu ɗan mishan ɗin Baftis ko ɗaya a ƙasar, sai a 1875 suka dawo. A tsawon wannan lokaci 'yan ƙasa irin su Moses Ladejo Stone ne suka riƙe jama'ar. Sun koyi cewa ana iya yin coci ba tare da Bature ba. A 1888 wasu daga cikinsu a Legas suka ɓalle daga hannun 'yan mishan suka kafa cocin kansu. A 1914 aka haɗa kawunan coci-cocin a Ibadan ƙarƙashin jagorancin Mojola Agbebi, da sunan ƙungiyar 'yan Baftis ta Yarbawa. Shekara biyar bayan haka, a 1919, aka sauya sunan ya koma na Najeriya baki ɗaya, domin a lokacin ɗarikar ta riga ta wuce iyakar ƙasar Yarbawa.

A ɓangaren Arewa kuwa ƙofa a rufe take ga 'yan mishan. A 1900 tawagar Bishop Tugwell ta cocin Angilika, wadda Likita Walter Miller yake ciki, ta isa Kano, Sarki Alu ya sallame su. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Lugga ya yi alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki a addinin Musulunci ba, kuma jami'an mulkin mallaka suka riƙa hana 'yan mishan kafa tasha a cikin masarautun Musulmi sai da yardar sarki. Wannan doka ta tare Bature mai wa'azi, amma ba ta tare ɗan kasuwa ba.

Jirgi ya buɗe hanya

Layin dogo ya isa Kano a 1911. A ƙarshen shekarun 1920 aka ja reshe daga Zariya ya bi ta Funtuwa, ya ratsa Tsafe da Gusau, ya ƙare a Kauran Namoda a 1929. Dalilin Turawa a fili yake: gyaɗa da auduga da fatu. Kafin a ce me, Gusau ta tashi daga matsakaicin gari ta zama babbar cibiyar ciniki a Lardin Sakkwato, da injin gurzar auduga da kantunan kamfanonin Turawa. Sunan unguwar Kantin Daji har yau yana tuna mana wannan zamani. Ƙananan tashoshi irin Tsafe su ma suka samu rabonsu, domin duk inda jirgi ke tsayawa sai an samu sikeli, da ɗan kamasho, da akawu, da mai sayar da abinci.

Jirgin da ke kwasar gyaɗa zuwa Kudu ba ya dawowa wayam. Yana zuwa da goro da atamfa da kayan koli, yana kuma zuwa da mutane. Cikin waɗanda suka fi yawa akwai Yarbawan Ogbomosho, mutanen da suka yi suna wajen fatauci, har ana yi musu kirari da cewa babu garin da ba za a same su ba. Sun zo a matsayin masu sayar da yadi, teloli, maƙeran zinariya, masu gyaran keke, daga baya direbobi da makanikai. Wani misali da kowa ya sani shi ne Samuel Ladoke Akintola, Firimiyan Jihar Yamma kuma abokin siyasar Sardauna. Ɗan Ogbomosho ne, amma ya yi ƙuruciyarsa a Minna, shi ya sa yake jin Hausa, daga baya ya yi karatu a kwalejin Baftis ta garinsu, ya kuma koyar a makarantarsu ta Legas.

Ya kamata a lura cewa ba duka waɗannan baƙi ne Kiristoci ba. Da yawansu Musulmi ne, su ne suka gina masallatan da muke kira masallacin Yarbawa, suka kawo ƙungiyoyi irin su Ansarudin. A gida ɗaya sai a samu wa Musulmi, ƙane ɗan Baftis, ana cin tuwon Sallah tare, ana cin shinkafar Kirsimeti tare. Sarautar Sarkin Yarbawa da ake naɗawa a garuruwan Arewa ta haɗa su duka.

Turawa sun ware wa irin waɗannan baƙi unguwanni, waɗanda aka fi sani da Sabon Gari. Shi ya sa a Kano da Zariya da Gusau, idan ana neman tsofaffin coci-coci, can ake dosa. A manyan garuruwan layin dogo kamar Jos, Kaduna, Minna, Zariya, Kano da Gusau za a ga allo ɗauke da sunan First Baptist Church, ma'ana cocin Baftis na farko a garin. Kalmar "na farko" tana nuna cewa shi ne uwa, sauran na unguwanni da na ƙananan garuruwan kewaye daga jikinsa suka fito.

Daga bayan shago zuwa ginin kwano

Yadda ƙaramin cocin Baftis ke tsirowa a garin tasha kusan salo ɗaya ne a ko'ina. Mutum uku ko huɗu 'yan gari ɗaya sukan haɗu ran Lahadi a ɗakin wanda ya fi su girma ko ya fi su iya karatu, sau da yawa a bayan shagonsa. Ya karanta Littafi Mai Tsarki da Yarbanci, su yi waƙa, su yi addu'a, su tara 'yan kwabbai a kwano. Ba sa jiran izinin wani babba daga Legas ko Ibadan, domin a aƙidarsu taron masu bi, komai ƙanƙantarsa, ya isa ya yi sujada. Tsarin nan na cin gashin kai shi ya sa ɗarikar ta iya shiga inda ɗan mishan bai isa ya taka ba.

Idan matan aure suka iso, yara suka ƙaru, ɗaki ya yi kaɗan, sai a kafa rumfa. Daga nan sai a je gaban hakimi ko sarki a nemi fili. Wannan mataki yana da muhimmanci a tarihinmu, domin yana nufin tsofaffin coci-cocin da muke gani sun zauna ne da sanin masu gari. Ginin farko na laka ne da jinka. Kwanon rufi kan zo ne bayan shekaru, daga kuɗin baiko da na bikin godiyar kaka, inda kowa ke kawo abin da Allah ya hore masa, kaza ko dami ko turmin atamfa, a yi gwanjonsu a zuba kuɗin a asusun gini.

Kafin jama'a su iya ɗaukar nauyin fasto, wurin yakan zauna a matsayin tashar wa'azi a ƙarƙashin babban cocin da ke kusa. Fasto ya riƙa zuwa lokaci-lokaci, da jirgi ko da keke, ya ɗaura aure, ya yi baftisma. Baftismar ma tana da nata ƙalubale a ƙasar da rafuka ke ƙafewa da rani: ko dai a jira damina, ko a gina kwarmin siminti a cikin coci a cika shi da ruwa. Ranar da jama'ar suka tsaya da ƙafarsu, sai a ƙaddamar da su a matsayin cikakkiyar ikkilisiya, su shiga ƙungiyar coci-cocin yankinsu, wadda ita ma take ƙarƙashin babban taro na ƙasa mai hedikwata a Ibadan.

Mata su ne ƙashin bayan irin waɗannan ƙananan jama'u. Ƙungiyarsu ta WMU, wadda ta haura shekara 100 a Najeriya, ita ke kula da tarbiyyar yara, da ziyarar marasa lafiya, da tara gudummawa. Yara maza suna da tasu mai suna Royal Ambassadors, masu fareti da kaki da ganga, 'yan mata suna da tasu, ɗaliban manyan makarantu kuma suna da zumuntarsu. Sannan kusan duk inda aka kafa coci, makaranta na biye, domin wanda bai iya karatu ba ba zai karanta Littafi Mai Tsarki da kansa ba. Makarantun Baftis sun yaye Kirista da Musulmi: Olusegun Obasanjo da Mashood Abiola duk sun yi sakandaren Baftis ta maza da ke Abekuta. A Arewa ɗarikar ta buɗe sakandare a Jos a 1961, ta yi kwalejin horar da malamai a Minna da asibiti a Kwantagora.

Yarbanci ko Hausa?

Babbar tambayar da ta fuskanci waɗannan coci-coci ita ce ta harshe. Muddin da Yarbanci kaɗai ake sujada, cocin zai ci gaba da zama na baƙi. Abin da ya faru a Gana ya nuna haɗarin haka. A can ma fataken Yarbawa ne suka kafa coci-cocin Baftis na farko, a Kumasi da sauran garuruwa, kuma da harshensu suke komai. Da gwamnatin Kofi Busia ta kori baƙi marasa takardu a 1969, Yarbawa suka kwashe suka dawo gida, gine-gine da dama suka zama kango cikin 'yan makonni, sai da 'yan ƙasar suka sake ɗora ginin kusan daga tushe.

A Arewacin Najeriya Hausa ce ta zama gada. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Likita Miller na Zariya ya yi fice a cikinsa. A ƙarshen shekarun 1940 'yan Baftis suka buɗe makarantar horar da fastoci da harshen Hausa a Kawo, Kaduna, wadda yau ta zama babbar makarantar tauhidi. Ɗalibanta sun fito ne daga al'ummomin da Hausa ta zame musu harshen haɗuwa: mutanen Kudancin Kaduna, da na ƙasar Neja da Filato, da sauransu. Sannu a hankali aka samu coci-cocin da ake wa'azi da waƙa da Hausa zalla.

Akwai kuma Hausawan asali da suka karɓi addinin Kirista, galibinsu daga cikin Maguzawa na ƙasashen Kano, Katsina, Zazzau da Zamfara. Mafi yawansu ta hannun cocin ECWA da Angilika da Katolika suka shiga, wasu kuma ta Baftis. Wannan ya sa kalmar "baƙo" ba ta dace da kowane Kirista a yankinmu ba. Akwai wanda kakanninsa suna noma a gindin waɗannan duwatsu tun kafin a shimfiɗa layin dogo.

Yau a ƙaramin coci ɗaya ana iya jin harshe uku: tsofaffi na son Yarbanci, ma'aikata da masu yi wa ƙasa hidima na son Turanci, yaran da aka haifa a nan kuwa Hausa ce ta fi zama a bakinsu. Yadda kowace jama'a ta sasanta wannan babi ne mai zaman kansa a tarihinta.

Shekarun gwaji

Babu wata girgiza da ta sami Arewa da ba ta taɓa waɗannan ƙananan jama'u ba. Rikicin 1966 da yaƙin basasar 1967 zuwa 1970 sun kwashe 'yan Kudu da yawa daga garuruwan layin dogo, wasu suka dawo, wasu ba su sake waiwayowa ba. A shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓe makarantun mishan suka sauya musu suna, ta yadda ɗalibi zai gama makaranta bai san wanda ya aza tubalinta ba. Da harkar jirgin ƙasa ta durƙushe, gyaɗa ta ja baya, masaƙu suka rufe, sai abin da ya kawo mutanen tun farko ya ragu. Yau da wuya a ji kukan jirgi a layin Kauran Namoda.

An ƙirƙiro Jihar Zamfara daga Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996. A Oktoban 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki a Janairun 2000. Ga mafi yawan jama'ar jihar wannan cikar buri ne, kuma gwamnati ta bayyana cewa dokar ba ta hau kan wanda ba Musulmi ba. Duk da haka Kiristoci da dama sun shiga zullumi, kuma ƙungiyarsu ta CAN ta sha kokawa a kan wahalar samun filin gina coci da rashin koyar da darasin addinin Kirista a makarantun gwamnati. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin yin addininsa, shi ne kuma sashen da Musulmin da ke zaune a Inugu ko Fatakwal yake dogaro da shi idan ya nemi filin masallaci. Rikicin da ya biyo bayan zaɓen Afrilun 2011 ya shafi jihohin Arewa 12, har da Zamfara, inda ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa an kashe fiye da mutum 800, Musulmi da Kirista, aka ƙona coci-coci da masallatai.

Sai kuma bala'in da muke ciki yanzu. 'Yan bindigar daji ba sa tambayar addinin mutum kafin su ɗauke shi. A Fabrairun 2021 sun kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A ranar 5 ga Yulin wannan shekara sun sace ɗalibai 121 daga sakandaren Bethel Baptist da ke Ƙaramar Hukumar Chikun a Kaduna, iyaye suka yi watanni suna neman kuɗin fansa. A Satumba aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako. A Satumban 2023 aka ɗauke ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga masaukinsu a Sabon Gida, cikin Ƙaramar Hukumar Bungudu. An sha kwashe masallata daga masallatai, an sha tare matafiya tsakanin Funtuwa da Tsafe da Gusau. Mafi yawan waɗanda abin ya ci a jiharmu Musulmi ne, domin su ne mafi yawan jama'a. Sai dai jama'ar da dududu ba ta wuce iyali ashirin ba, idan biyar suka tashi, ta yi asarar rubu'inta. Kuma idan iyali na ƙarshe ya kulle ƙofa ya tafi, rajista da hotuna ko dai su bi shi Ogbomosho, ko gara ta cinye su.

Aikin da ke jiranmu

Nan ne tsarin 'yan Baftis ya zame wa mai binciken tarihi garaɓasa. Tunda jama'a ke yanke komai da ƙuri'a, dole su ajiye littafin bayanan taro. Akwai rajistar baftisma, da ta aure, da ta suna, da ta mamata, da littafin ma'aji. A cikinsu ana iya ganin shekarar da aka sayi kwano da farashin bandir, da sana'o'in mutane, da garuruwan da suka fito, da shekarar da jama'a suka ragu da dalili. Wannan ya wuce tarihin coci, ya zama tarihin kasuwa da ƙaura da tsadar rayuwa a garin baki ɗaya. Ƙaramar Hukumar Tsafe, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta fiye da mutum 260,000, ta cancanci a san duk waɗanda suka taru suka gina ta.

Ɗalibin da ke neman batun kundin kammala digiri, ko 'yan kulob ɗin tarihi na sakandare, ba sa buƙatar wani babban jari. Wayar hannu da littafin rubutu sun isa. A fara da gaida fasto da dattawan coci, a bayyana manufa, a nemi izini. A zauna da wanda ya fi kowa tsufa, musamman iyaye mata, domin su suka fi riƙe sunaye da shekaru. A tambaye su: wa ya fara zuwa, da wace sana'a? A ɗakin wa aka fara taruwa? Wane sarki ko hakimi ne ya ba da fili? Yaushe aka fara wa'azi da Hausa? A lokacin tashin hankali, wa ya ɓoye wa? Sannan a tsallaka a yi wa tsofaffin unguwa Musulmi irin waɗannan tambayoyi, a gwada amsoshin. Inda suka saɓa, a rubuta duka biyun.

Wanda ya samu hali ya leƙa Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin Lardin Sakkwato na zamanin Turawa suke, ko Gidan Arewa, ko Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. In an kammala, a bai wa cocin kwafi, a kai wani sashen tarihi na jami'a. Abu ɗaya da ya kamata a kiyaye: a wannan yanayi na garkuwa da mutane, ba a ɗora sunaye da hotuna da kwatancen gidajen mutane a Facebook ko TikTok. Amana ce aka ba mu.

Wani zai ce me ya haɗa ɗalibi Musulmi da tarihin coci? Tun muna Islamiyya aka karantar da mu cewa sahabban Annabi Muhammadu (SAW) sun yi hijirar farko ne zuwa Habasha, inda Najjashi, sarkin ƙasar Kiristoci, ya ba su mafaka, kuma tawagar Kiristocin Najran ta zo Madina an karɓe ta an tattauna da ita. Sanin maƙwabci ba ya rage wa kowa imani. Haka shi ma ɗalibi Kirista, babu abin da zai hana shi rubuta tarihin makarantar allon unguwarsu ko na masallacin Juma'ar garin. Jita-jita ta fi samun wurin zama a inda mutane ba su san juna ba, kuma mun ga abin da jita-jita ke iya yi cikin awa guda.

Hutun ƙarshen zango na tafe. Tsohuwar da ta san ranar da aka ɗora kwanon farko tana nan zaune a ƙofar gida, tana jiran wanda zai tambaye ta. Baɗi ba lallai ne a same ta ba.